Idan ɗanka ya ce zai koma kusa da makaranta, je ka ga ɗakin

Duk sanda aka buɗe sabon zangon karatu, maganar nan sai ta taso a gidaje da yawa a garin Bauchi. Yaro ya samu gurbi a Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU), ko kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji, ko kwalejin jiha ta Tatari Ali, sai ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, ina so in kama ɗaki kusa da makaranta." Uban ya ɗago kai: "Korar ka aka yi daga gidan nan? Ko tuwon ne ya daina ƙosar da kai?" Shi ke nan magana ta mutu.

Ni ina bayan yaran nan. Ba don na raina tsoron iyaye ba, ni ma uba ne, na san yadda zuciya ke yi idan magariba ta yi ba a ga yaro ba. Amma yawancinmu muna yanke hukuncin nan ba tare da mun taɓa bin yaron ko sau ɗaya mun ga yadda wuninsa yake ba.

A fara da kuɗin mota. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, daga baya ta tsallake 1,000. Ɗalibin da ke zaune a Jahun ko Fadaman Mada, kuma karatunsa yana harabar ATBU da ke Gubi, can bayan gari a hanyar Ningi, sai ya hau Keke Napep, ya sauka, ya jira mota, da yamma ya sake yin haka. Lakca ƙarfe takwas na safe, wata kuma sai huɗu na yamma. Tsakani ba zai iya dawowa gida ba, ba shi da inda zai miƙe ƙafa, kuɗin abincin kuma ya tafi a mota. Duk uban da ke ganin haya ɓarna ce, ya ɗauki biro ya tara abin da yake miƙawa kullum da safe na tsawon zango biyu, sannan ya ajiye shi kusa da kuɗin ɗakin da mutum biyu ko uku za su haɗa su biya.

Amma abin da ya fi damuna ba kuɗin ba ne. Gidajenmu gidajen jama'a ne, alhamdu lillahi, sai dai ba a gina su don mai karatun injiniya ko likitanci ba. Na ga yaro da jarrabawa gobe, yana zaune a kan buhun masara a zaure, ya kunna fitilar waya ya soke ta a aljihun riga tana haska takarda, ƙannensa na kokawa a gefe, daga ciki ana kiran sunansa ya zo ya kai niƙa. Ya dawo, a ce ya je ya ɗauko yara daga Islamiyya. Ya dawo, Baffa ya aiko a tsare masa shago zai je jana'iza. Wanne zai ce a'a? Babu, domin da tarbiyya ya tashi. In sakamako ya fito ya faɗi kwas biyu, mu ne za mu fara cewa wasa yake yi. 'Ya mace kuwa nata ya ninka: shara, wanke-wanke, girkin dare, goyon ƙani, sai kusan sha ɗaya ta buɗe littafi ido na rufewa.

Abin mamaki, fita daga gaban iyaye don neman ilimi ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Abubakar Tafawa Balewa, wanda jami'ar ke ɗauke da sunansa, yana matashi ya bar Bauchi zuwa Kwalejin Katsina a 1928, lokacin da babu waya babu kwalta. Malam Sa'adu Zungur ya tafi har Yaba a Legas a 1934. A al'adarmu ma, da yaro ya balaga ake fitar da shi daga ɗakin uwarsa zuwa ɗakin samari a ƙofar gida. Yau ɗin nan kuma, in yaro ya samu Gadau, ko Azare, ko Kashere a jihar Gombe, ko Zariya, ba wanda ke gardama. Uwa ta haɗa masa garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, dambun nama, a ɗaure katifa da bokiti a kan mota, a yi addu'a ya tafi. Sai makarantar ta zama a cikin gari ne abin ke zama abin kunya. Ashe ba lafiyar yaron kaɗai muke dubawa ba, har da abin da maƙwabta za su ce.

Tsoron yana da tushe, ba na musu. Akwai ƙwacen waya a lungunan da ɗalibai ke haya. Akwai 'yan sara-suka. Akwai ƙwaya da maganin tari da suka cinye 'ya'yan mutane. Amma a gaya mini wace unguwa ce a Bauchi babu waɗannan? Yara nawa suka lalace suna kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da iyayensu, uban bai san sunan abokinsu ko ɗaya ba?

Don haka maimakon "a'a" daga kan tabarma, uba ya sa takalminsa. Ya je Yelwa, ko Sabon Kaura, ko Gwallameji da ƙafarsa, kar ya bar wa dillali da yaro. Ya tura ƙofar ya ji ko tana da ƙwari, ya duba sakata. Ya leƙa bayi, ya ga mutum nawa ke shiga. Ya tambayi ruwa: rijiya ce, famfo ne, ko sai an jira 'yan garuwa? Ya ɗaga kai ya ga kwano, don damina ba ta da sabo. Ya zauna da mai gidan su gaisa, ya karɓi lambarsa. Ya yi sallar la'asar a masallacin layin, ya kama hannun yaron ya kai wa liman ya ce, "Malam, ga ɗanka nan, amana." Ya ce a kira masa waɗanda za su zauna tare, ya tambaye su garinsu da iyayensu. Kuma a yi maganar yajin aiki tun kafin a biya. A 2022 malaman jami'a sun yi wata takwas ba sa aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ɗakuna a rufe, haya kuwa tana ta ƙirguwa. A rubuta yarjejeniya a takarda, da shaidu.

Maganar 'ya mace ta fi nauyi, kuma ba zan ce ɗaya suke da namiji ba. A fara neman mata gado a ɗakin kwanan ɗalibai na cikin makaranta, inda akwai masu gadi da lokacin rufe ƙofa. In bai samu ba, a duba gidan gwaggo ko kawu da ke kusa. In babu, a nemi gidan da mai shi yake zaune da iyalinsa, ta zauna da 'yan uwanta mata, uwarta ta je su san juna da matar gidan. Abin da ba na yarda da shi, shi ne a ce tunda babu masauki ta haƙura da karatun. Mu ne muke kai matanmu asibiti muna cewa likita mace muke so, ungozoma mace muke so. Daga ina za su fito?

A nan ne laifin hukuma yake. Ana ƙara ɗaukar ɗalibai kowace shekara, gadaje ba sa ƙaruwa daidai da su, masu gidajen haya kuma sun gane haka. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata, ya rage zafi, amma ba zai biya haya da abinci da takardu ba. Gina ɗakunan kwana, musamman na mata, ya kamata ya shiga cikin abin da muke tambayar duk mai neman ƙuri'armu a Bauchi da Gombe.

Kai kuma ɗalibi, in an yarda maka, ka sani mutuncin ƙannenka ka ɗauka, don da kai za a auna su. Ka kira Umma ba sai garin kwaki ya ƙare ba. Ranar Juma'a ka zo gida ka gaida Baba, ka nuna masa sakamakonka tun kafin ya tambaya.