Turancin da Bajapane ke zaton ya riga ya sani

'Yan uwa a gida sukan tambaye ni yadda aka yi ƙasar da ta ƙera Toyota da Sony mutanenta ba sa iya hira da Turanci. Wasu su ce kunya ce, wasu su ce harshensu ne ba ya lanƙwasuwa. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya. Amma ni da nake zaune a Nagoya, ina koya wa ma'aikata da ɗalibai hirar Turanci da yamma, na lura abin da ya fi kayar da su shi ne kalmomin da suke da yaƙinin sun riga sun sani.

Kada wani ya ɗauka rashin ƙoƙari ne. Tun 1987 gwamnatin Japan take kawo matasa daga ƙasashen waje ƙarƙashin shirin JET su taimaka wa malaman Turanci a makarantu. Daga 2020 Turanci ya zama cikakken darasi a aji biyar da shida na firamare, kuma manhajarsu tana sa ran ɗalibi ya san kalmomi 4,000 zuwa 5,000 kafin ya gama sakandare. Jarrabawar TOEIC, wadda kamfanoni ke duba makinta wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, a Japan aka fara yin ta a 1979. In ka shiga jirgin ƙasa da safe za ka ga 'yan makaranta riƙe da ɗan littafin kalmomi da wata jar leda mai shara-shara da suke rufe ma'anar da ita, su yi hadda su buɗe su duba. Kalma ɗaya, fassara ɗaya, a wuce gaba. Wannan hanya tana cin jarrabawa, sai dai ba ta gaya wa yaro da wa ake faɗin kalmar, ko a wane hali.

Babban ramin kuwa yana cikin Japanancin kansa. Suna da wani rubutu na musamman da ake kira katakana, da shi suke rubuta kalmomin aro, kuma kalmomin nan sun cika talla da talabijin da ofis. Da yawansu sun bar ma'anarsu ta asali tuntuni. "Manshon" a bakinsu ɗaki ne a dogon bene na haya ko na saye, alhali Bature in ya ji "mansion" katafaren gidan attajiri zai hango. "Kanningu", daga "cunning", satar amsa ce a jarrabawa, ba wayo ba. "Saabisu", daga "service", kyauta ce da mai shago ya ƙara maka. "Konsento" ramin soket ne na bango, ba ruwansa da "consent", wato yarda ko amincewa. Cin abinci irin na ɗebi-da-kanka suna kiransa "baikingu", saboda wani gidan abinci da otal ɗin Imperial na Tokyo ya buɗe a 1958 da sunan Viking. Wasu kalmomin ma ba daga Turanci suka fito ba sam: "arubaito", aikin wucin gadi, daga Jamusanci yake, "pan" kuma, wato burodi, daga Fotugis.

Abin ba na dariya ba ne in ya kai ga aiki. Ma'aikacin kamfani yakan so ya ce abokin ciniki ya yi ƙorafi, sai ya rubuta "claim" domin a Japananci "kureemu" ke nan, wanda ya karɓi wasiƙar a waje kuma ya fahimci ana neman diyya. Wata ta so ta yabi ƙawarta da taushin zuciya ta ce mata "naive", ba ta san ta kira ta marar wayo ba. Mutum ya yi shekara goma yana karatu, ga ladabi ga kyakkyawar niyya, amma kalmar da ya fi amincewa da ita ta ba shi kunya. Na ga yadda irin wannan ke sa wasu su ja bakinsu su yi shiru na watanni, kuma yana yi mini ciwo. Kama da wane ba ta wane, amma ba wanda ya gargaɗe su tun farko.

Mu ma masu aro ne, kuma yadda muke yi ya yi kama da nasu har abin ya ba ni mamaki. Harsunan biyu ba sa son baƙaƙe su cunkushe wuri ɗaya, sai a cusa wasali a tsakani: su ce "sutoraiku" a madadin "strike", mu ce sukurudireba da burodi. Ma'ana ma takan sauya a wurinmu. Bariki ya tashi daga mazaunin soja ya koma wata irin rayuwa gaba ɗaya, har ana cewa ɗan bariki. Kwalta ta tashi daga baƙin man da ake shimfiɗawa ta zama sunan titin. A Nijar, inda aron ya fito daga Faransanci, ana ce wa makaranta lakwal, malami kuma mushe. To amma ba Bahaushen da zai je Landan ya nemi bokiti yana zaton Turanci yake yi. Kalmar ta narke, ta karɓi jam'i irin namu, bokitai da direbobi da ofisoshi, ana rubuta ta da haruffan da ake rubuta tuwo. Katakana kuwa kullum tana nuna wa mai karatu cewa wannan baƙuwa ce, shi ya sa yaro yake ɗauka in baƙuwa ce to Turanci ce, kuma yadda ya san ta haka take a ko'ina. A ganina nan ne bambancin yake.

Namu ramin yana wani wuri daban, kuma laifi tudu ne. Mukan ce "I am coming" muna fita, saboda "ina zuwa" ke cikin kanmu. Mukan ce "sorry" ga wanda ya yi tuntuɓe da "well done" ga wanda muka tarar yana aiki, saboda muna neman gurbin sannu. Cunkoson motoci "go-slow" ne. Ban ɗauki wannan aibi ba, Turancinmu ne, kuma a Janairun 2020 ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomin Najeriya 29, har da Kannywood. Amma wanda zai fita waje yana da haƙƙin a gaya masa inda kowace kalma take aiki da inda ba ta yi. Ta fuskar ƙarfin hali kam mun fi su nesa ba kusa ba: ɗan kasuwar Kantin Kwari da ɗan guntun Turancinsa zai yi ciniki a Guangzhou ya dawo da kaya, ba tare da ya jira nahawunsa ya cika ba.

Inda suka yi mana zarra shi ne bayani da harshen gida. Duk kantin littattafai a nan yana da sashe guda na koyon Turanci, kuma kusan duka da Japananci aka rubuta. Za ka sami littafi sukutum a kan ƙananan kalmomi irin su "get" da "take", da zane-zane da misalai. Tun shekarun 1920 ake koyar da Turanci a rediyonsu, har yau tashar NHK ba ta daina ba. Suna kuma yin gardama a fili a kan aron. A Maris na 2020, lokacin korona, jami'ai har da gwamnar Tokyo, Koike Yuriko, suka riƙa cewa "lockdown" da "overshoot", sai Kono Taro, ministan tsaro a lokacin, ya tambaya a Twitter me ya hana a faɗe su da Japananci yadda kowa zai gane.

Mu kuwa da yawanmu mun yi makarantun da ake hukunta yaro in ya yi Hausa a aji. Malam ya bayyana kalmar Turanci da wani Turancin da ya fi ta wuya, yara su haddace su zuba a takarda. Manyan ƙamusoshinmu ma, tun daga na Bargery na 1934, galibi an yi su ne domin Bature mai koyon Hausa. Ina jin daɗin ganin matasa suna koyar da Turanci da Hausa a Facebook da TikTok, Allah ya saka musu da alheri. Roƙona gare su shi ne su rage jera kalma ashirin da fassararsu, domin wannan ita ce jar ledar da nake gani a jirgi. Su ɗauki kalma ɗaya, ko "sorry" ce, su yi minti goma a kanta da Hausa: yaushe take nufin ban haƙuri, yaushe take nufin jaje, me Bature zai ji in ka faɗa masa ita alhali ba kai ka taka shi ba, kuma me ya kamata ka ce a madadinta. Gidajen rediyon Kano da Kaduna da Damagaram suna da masu sauraron da za su zauna wa irin wannan shiri kowace yamma.