Nasiha ga masu gadin allo a ɗakin sarrafa bututun mai

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman ƙannenmu da suka fara zama a ɗakin sarrafa bututun mai, da waɗanda ke karatun injiniya da burin shiga. Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare a wannan aiki: mutum ya iya karanta allon SCADA, wato tsarin kwamfuta da ake lura da bututu da sarrafa shi daga nesa, ya san wane famfo zai tayar da wane bawul zai rufe, amma cike rajista, wato littafin rubuta abin da ya faru a bakin aiki, ya ɗauke shi aikin akawu. Sai an kusa tashi ya zauna ya tsara abin da ya tuna. Ku bar wannan tun kafin ta zame muku jiki.

Ku dubi abin da ya faru a Marshall, jihar Michigan ta Amurka. Ranar Lahadi 25 ga Yulin 2010, da misalin ƙarfe shida saura minti biyu na yamma, bututun ɗanyen mai mai faɗin inci 30 na kamfanin Enbridge, wanda ake kira layi 6B, ya tsage a daidai lokacin da ake dakatar da tura mai. Ɗakin sarrafa shi yana Edmonton a Kanada. Ƙararrawa ta yi ta kaɗawa, matsi ya faɗi warwas a tashar famfon Marshall. Waɗanda ke bakin aiki suka yanke cewa man ne ya tsinke a cikin bututu, wato ya rabu ya bar gurbi, abin da kan faru in an tsayar da layi a wuri mai tudu da gangare. Ba hauka ba ne a yi wannan zato. Ɓarnar ita ce zaton ya bi miƙa aiki daga rukuni zuwa rukuni tamkar tabbataccen abu. Rukunin dare ya tayar da layin, washegari da safe aka sake tayarwa, duk da niyyar cike gurbin da babu shi. Sama da awa 17 kafin wani ma'aikacin kamfanin iskar gas ya ga man da idonsa ya buga waya. Hukumar binciken hatsarin sufuri ta Amurka, NTSB, ta ce galan 843,444 ya zuba, ya bi rafin Talmadge zuwa kogin Kalamazoo. Wajen lita miliyan uku da dubu ɗari biyu ke nan, kusan tanka ɗari irin mai lita 33,000. Kashi 81 cikin ɗari na wannan mai, tayarwar nan biyu ce ta turo shi.

Abin takaicin, kamfanin yana da ƙa'ida a rubuce: in an shiga yanayin da ba a gane ba, minti goma ne iyaka, a rufe layi. Aka tsallake ta, aka jingina da wani daftarin tsari da ba a ma amince da shi ba.

To, me ya haɗa wannan da rajista? Komai. Akwai bambanci tsakanin ka rubuta "man ya tsinke, babu matsala" da ka rubuta "ƙarfe kaza matsi a tasha kaza ya faɗi zuwa sifili, ƙararrawar yoyo ta tashi, ana zaton tsinkewar mai ce, ba a tura kowa ya duba ba". Na farko yana rufe wa mai karɓarka ido. Na biyu yana bar masa ƙofar yin nasa tunani. Ku rubuta lokaci, wuri, adadi, wanda aka kira da abin da ya ce. Zato kuma a sa masa sunansa na zato.

Dokar Amurka a kan wannan tana sashe na 195.446 na kundin ƙa'idojin tarayya 49 CFR, hukumar kula da tsaron bututu ta Amurka, PHMSA, ce ta fitar da ita a Disambar 2009. Ba ta hau kan mai aiki a bututun Agadem zuwa Seme ko na Chadi zuwa Kiribi ba, kowace ƙasa da nata tsarin, amma ita ce aka fi yi wa filla-filla, kuma duk mai son ƙwarewa ya kamata ya san ta. Ta wajabta wa kamfani ya tsara hanyar rubuta sauyin rukuni da duk wata miƙa alhaki tsakanin masu kula. Ku lura da "duk wata". In ka tashi cin abinci ko salla wani ya riƙe maka layi, alhaki ya sauya hannu, kuma tsarin kamfaninku ya kamata ya faɗi yadda ake rubuta hakan. A miƙa aiki na gaskiya ana faɗin layin da ke tafiya da wanda ke tsaye, irin man da ke ciki, matsin da aka rage saboda gyara, ma'aikatan da ke fili suna taɓa wani abu, da ƙararrawar da aka toshe.

Wannan ta ƙarshe ita ce ramin da ya fi cin mutane. Na'urar auna matsi ta lalace tana damunka da ƙara, sai a toshe ta ko a saka mata adadi da hannu, da niyyar a gyara gobe. Gobe ta zama wata uku. Sabon mai kula ya zo ya ga lamba tana tsaye cik a allo, ya ɗauka layi lafiya lau, alhali lambar mutum ne ya buga ta. Shi ya sa doka ta ce aƙalla sau ɗaya a kowane wata a zaƙulo duk wuraren da suka shafi tsaro waɗanda aka cire daga karatun SCADA, ko aka toshe ƙararrawarsu, ko suke ba da ta ƙarya, ko aka bar su a adadin hannu fiye da lokacin gyara. Jeri kawai ba ya wadatarwa. Mai bincike zai tambayi me aka yi a kan kowanne, kuma yaushe.

Sai lissafin shekara, inda masu kula da takardu ke yawan tuntuɓe. Gwajin SCADA na ko-ta-kwana, gwajin tsarin sadarwa na tafiyar da layi da hannu, tantance adadin da ƙararrawa ke tashi a kansa, bitar tsarin ƙararrawa, duk sau ɗaya ne a kowace shekarar kalanda, kuma tazara kada ta wuce wata 15. Sharaɗi biyu ne, ba ɗaya ba. In kun yi gwaji a Janairun bana, na gaba ba zai wuce Afrilun baɗi ba, ko da shekarar ba ta ƙare ba. In a Nuwamban bana kuka yi, dole a sake kafin 31 ga Disamban baɗi, ba za ku ce wata 15 sun kai ku Fabrairun shekarar da ke bin baɗi ba.

In an ƙara na'ura a fili ko an matsar da ita, sai an tantance ta ɗaya bayan ɗaya: mutum a gindin bawul, mutum a gaban allo, a motsa a can a gani a nan, a rubuta sunan kowa da sakamako. Canji a kan tsarin da ke aiki kuwa ba abin wasa ba ne. A Bellingham ta jihar Washington, ranar 10 ga Yunin 1999, SCADA ya daina amsa umarni bayan an yi ta aiki a rumbun bayanansa yana raye, bututun fetur ya fashe, galan kusan 237,000 ya zuba a rafi ya kama da wuta. Yara biyu masu shekara goma da saurayi ɗan shekara 18 suka rasu.

Game da gajiya, doka ta ce jadawali ya ba mai kula hutun da zai samu barcin awa takwas a jere, kuma kamfani ya sa iyakar awannin aiki. Kada ka musanya duti da abokinka a baki don kunya ko zumunci. In jadawali ya nuna shi, kai ne a kujera, takardar ta zama ƙarya, kuma ranar bincike awanninka na gaskiya za a lissafa.

Za a iya kauce wa tsari in tsaron layi ya tilasta, amma sashen ƙarshe na dokar yana neman takardar da ke nuna cewa kaucewar ta zama dole don tsaro. Ƙarancin ma'aikata da aka sani tun makon jiya ba gaggawa ba ne. Rubuta dalilin a ranar, da sunan wanda ya ba da izini. Kada ka koma ka gyara lokaci a baya don ya dace: SCADA yana ajiye sa'ar kowace ƙararrawa da kowane umarni, a ɗakuna da yawa kuma ana naɗar wayar tebur. In ka yi kuskure, ja layi ɗaya a kai yadda za a iya karantawa, ka rubuta daidai a gefe da kwanan wata da sa hannunka.

Ku riƙe waɗannan agogunan na dokar Amurka a ka. Hatsarin da ya kai mizanin sanarwar gaggawa, ana kiran cibiyar karɓar rahoto ta ƙasa cikin awa ɗaya da tabbatar da shi, a sabunta bayani cikin awa 48, rahoton rubuce kuma cikin kwana 30. Bayanan matsin da ke fita daga kowace tashar famfo, da na duk wani yanayi da ya saɓa wa al'ada, ana ajiye su aƙalla shekara uku.