Ɗan Wabi da Masu Jiran Mutuwa a Bakin Ganga

Duk wanda ya tashi a Kano zamanin da ake cika silimar Plaza da Marhaba da El Dorado ya san wannan labari: a kashe jarumi a farkon fim, a sake haifar sa a wani gida, ya girma ya tuna komai, ya koma ya ɗau fansa. Mu kalla, mu yi tafi, mu fito mu manta, don a wajenmu tatsuniya ce. Sai da neman abinci ya kawo ni Delhi, ina yi wa marasa lafiyar da ke zuwa daga gida tafinta, na tarar da likitoci da 'yan kasuwa da direbobin keke sun riƙe abin nan a matsayin aƙida. A wajensu rai yana barin jiki ya shiga wani, kuma abin da mutum ya shuka a wancan zuwan shi yake girba a wannan. Shi suke kira karma.

Suna da labaran da suke kafa hujja da su. Wata yarinya, Shanti Devi, da aka haifa a Delhi a 1926, ta dage cewa ita matar wani ɗan kasuwa ce a garin Mathura kafin ta mutu ta dawo, har Gandhi ya sa aka kafa kwamitin bincike a 1935. A Amurka ma wani likitan ƙwaƙwalwa na Jami'ar Virginia, Ian Stevenson, ya shafe shekaru yana tattara labaran yaran da ke cewa suna tuna wata rayuwa. Irin waɗannan ne yaranmu masu karatu a nan suke cin karo da su a intanet. Wani ɗalibi ɗan unguwarmu ya ce min: "Yaya, wallahi abin ya fara shiga raina. Shekara sittin ko saba'in ta ishi rai ya gama gyaruwa? Kuma jaririn da aka haifa cikin ciwo, me ya yi?"

Ni Musulmi ne, ban yarda da dawowar rai ba. Malamanmu sun daɗe da sanin wannan aƙida, sun kuma yi mata raddi. A Suratul Muminun, wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi duniya ya gyara aikinsa, aka ce masa a'a, barzahu na gabansu har ranar tashi. Amma ban ga dalilin yi wa yaron nan tsawa ba, domin tambayoyinsa biyu na gaske ne, kuma wanda aka rufe wa baki da tsawa wani wuri zai kai tambayarsa.

Abin da na fara gaya masa shi ne, masu aƙidar da kansu ba murna suke da dawowar ba. Shi yana kallonta a matsayin ƙarin dama. Su kuwa a wajensu wahala ce mai zagayowa, babban burinsu su kuɓuta daga gare ta. Shi ya sa tsofaffi ke tattara komatsansu su tafi Varanasi, bakin kogin Ganga, su kama ɗaki suna jiran ajali, don sun yi imani wanda ya mutu a can ba zai sake dawowa ba. Wutar ƙona gawa a bakin ruwan ba ta mutuwa dare da rana.

Ba zan ɓoye abin da ya burge ni ba. Mutumin da ya yarda cewa kare ko saniya rai ne irin nasa a kan hanya, yana da tausayin dabba da ya kamata ya ba mu kunya idan muka tuna yadda ake loda awaki da shanu a mota zuwa kasuwa. Suna kuma ɗaukar gyaran zuciya a matsayin aiki na kullum. Sai dai wannan ba baƙon abu ba ne a Kano. Alƙur'ani ya ambaci rai mai umarni da mummuna, da rai mai zargin kansa, da rai mai natsuwa, kuma hawa daga na farko zuwa na ƙarshe shi ne tarbiyyar da ake yi a zawiyoyin Tijjaniyya da gidan Ƙadiriyya na Kabara, da ma duk majalisin da ake karanta littattafan tsarkake zuciya. Bambancin kawai, mu an ce mana zuwa ɗaya ne, don haka tuba ba ta jiran gobe.

Tambaya ta biyu, ta jaririn, ita ce ta fi tsaya min. Amsar karma tana kwantar da hankali: yana biyan bashin abin da ya aikata a da. To amma idan haka ne, laifin ya koma kan wanda ke shan wahalar. Da irin wannan bayani aka daɗe ana gaya wa waɗanda aka haifa a matakin ƙasa na tsarin da ke raba mutanen Indiya aji-aji tun daga haihuwa cewa shara da kwasar ƙazanta rabonsu ne da suka jawo wa kansu. Tsarin mulkin 1950 ya haramta ƙyamar su, amma Ambedkar, wanda ya jagoranci rubuta shi kuma daga cikinsu ya fito, sai da ya bar addinin Hindu a 1956 a Nagpur tare da dubban ɗaruruwan mabiyansa.

Kafin mu nuna su da yatsa, mu leƙa cikin gidajenmu. Wace unguwa ce a cikin birni ba a san mace mai wabi ba? Ta haifa ya koma, ta sake haifa ya koma, sai tsofaffi su ce ai shi ne dai yake tafiya yana dawowa. Yarabawa na ce masa abiku, Ibo na ce masa ogbanje. Mu kuma mu kai jariri kan juji, mu sa masa Ajuji ko Ayashe ko Abarshi ko Barmani, a nuna kamar ba a damu da shi ba ko ya zauna. Na san soyayya da tsoro ne suka haifi waɗannan sunaye, ba na raina uwar da ta binne 'ya'ya uku. Amma a bakin mutanen da ke sallah biyar, wannan magana ta "ya dawo" ƙanwar waccan aƙidar ce, kuma illarsu ɗaya: da zarar an samu bayani, sai a daina neman dalili. A tsangwami uwar, a ce tana da iska, wani lokaci a sake ta, alhali jinin mijin ma yana ciki.

Da yawan waɗannan yara zazzaɓin cizon sauro ne ko ƙyanda ko tamowa suka ɗauke su, wasu kuma amosanin jini, wato sikila. Idan uwa da uba duk AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar cutar, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato mai sikila. Shi ya sa mutuwar ke maimaituwa a ɗaki ɗaya har ta yi kama da yaro guda mai kai da komowa. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da cutar, Indiya ma tana sahun gaba. A 2023 gwamnatin Indiya ta ƙaddamar da shirin gwada miliyoyin mutane da nufin kawar da cutar kafin 2047, duk da karmar da jama'arta suka yi imani da ita. A 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a Kano, har da wanda ke nuna ko mutum AA ne ko AS ko SS. Na yi farin ciki ƙwarai da wannan doka. Fargabata ita ce takardar ta zama abin da ake nema ana gobe ɗaurin aure, bayan an kai lefe an raba katin gayyata, lokacin da babu mai ƙarfin halin cewa a fasa. Gwajin nan tun ranar da aka ce yaro ya turo magabatansa ya kamata waliyyi ya tambaye shi.