Jarumin leƙen asiri da baffannin amarya

Marubutan littattafan soyayya na waya, ku matso mu yi magana, kuma don Allah kada a ɗauke ta da zafi. An shiga yayin jarumi ɗan leƙen asiri. Littafin da aka turo zauren WhatsApp, da wanda aka ɗora a Wattpad, kusan duk gwarzonsu ɗaya ne: dogo, fari, miskili, ba ya dariya, yana jin harsuna bakwai. Yau yana Istanbul, gobe Dubai, jibi ya sauka Mosko ya kashe mutum goma ko hularsa ba ta karkace ba. Ita kuwa 'yar talakawa ce, ya fallatsa mata ruwan kwata da mota, ta wanke shi da mari, kafin shafi na talatin an ɗaura aure.

Ina karantawa, ina biyan kuɗina, ina kuma jin daɗin wasu. Haɗa soyayya da leƙen asiri dabara ce mai kyau ƙwarai, domin soyayya tana son a buɗe ciki, shi kuma aikin nan abincinsa ɓoyewa. Mutumin da aka horar ya yi ƙarya da sunansa, ga shi zaune a zaure gaban wadda yake so tana tambayarsa "wai kai aikin me kake yi?" Labarin ke nan gaba ɗaya. Amma sai marubucinmu ya tsallake wannan wurin da gudu, ya tafi harbe-harbe a wata ƙasar da bai san ko kalar kuɗinta ba.

Ku kawo jarumin nan Sakkwato mu gani. A ce ya kama haya a Arkilla da sunan ɗan kasuwar albasa, ya ga yarinya a Kanwuri, magana ta yi nisa har an ce ya turo magabata. To a nan aikin sirrinsa zai haɗu da gamonsa. Baffan yarinyar, tsoho mai carbi wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, zai gyara zama ya ce, "Wanga yaro ɗan wa na? Ina ag gidansu?" Kafin mako ya zagayo an tura mutum garin da ya ce nan ne asalinsa. An tambayi mai unguwa, an tambayi limamin masallacin da yake salla, an je kasuwa an ji ko dillalan albasa sun san shi. Goggo kuma ta bi ta cikin gida ta ji wace ce uwarsa, wa ta haifa, wa ya haife ta. Katin shaidar bogi yana iya wucewa a filin jirgi, amma ina zai wuce a hannun goggo? Wannan babi ɗaya, in an rubuta shi da kyau, ya fi tseren motoci goma sa zuciya bugawa. Ban ga marubucin da ya tsaya a kansa ba, kullum sai a ce jarumin maraya ne, shi ke nan an huta.

Sannan a riƙa ɗan bincike, don Allah. A littafi ɗaya sai ka ga jami'in DSS yana farautar 'yan ta'adda a Paris da umarnin kwamishinan 'yan sanda. Tun 1986, lokacin Babangida, aka rushe tsohuwar hukumar tsaron ƙasa ta NSO aka raba aikin gida uku: DSS tana kula da cikin gida, NIA tana kula da ƙetare, DIA kuma ta soja ce. Sanin wannan kawai ya isa ya gyara rabin shirmen.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda muke tsallaka teku neman labari alhali ga shi a ƙofar gida. Ranar 5 ga Yuli 1984 aka sace Umaru Dikko, ministan sufuri na gwamnatin Shehu Shagari, a ƙofar gidansa a Landan, wata shida da 'yan kwanaki bayan juyin mulkin da ya kifar da gwamnatin. Aka yi masa allurar barci, aka saka shi cikin akwatin katako tare da likitan da zai kula da numfashinsa, aka kai filin jirgin Stansted za a loda a jirgin Najeriya. Sakatariyarsa ta ga lokacin da aka ɗauke shi ta sanar da 'yan sanda, akwatin kuma ba a cika masa sharuɗɗan kayan jakadanci ba, sai jami'an kwastan suka buɗe. An ɗaure mutum huɗu, Isra'ilawa uku da ɗan Najeriya ɗaya. Da wani ne ya ƙirƙiro wannan a littafi, da mun ce ya cika ƙarya.

Nan cikin Sakkwato ma, waɗanda ke unguwar Mabera a Maris na 2012 ba su manta ranar da sojojin Ingila na musamman da jami'an Najeriya suka afka wa wani gida ba, don ceto injiniyoyi biyu, ɗan Ingila da ɗan Italiya, da aka sace a Birnin Kebbi a shekarar da ta gabata. Ba a same su da rai ba. Italiya ta fusata don ba a sanar da ita ba sai da aka fara. Ba cewa nake a mai da mutuwar mutane abin nishaɗi ba, iyalansu suna nan da ransu. Ina nuna muku ne cewa London da Roma sun taɓa yin cacar baki a kan wani gida a unguwar da muke zuwa biki.

Ga kuma Nijar. Takardun bogi da suka ce Iraƙi na neman sayen yuraniyom daga Nijar suna cikin hujjojin da aka yi ta yawo da su kafin Amurka ta mamaye Iraƙi a 2003. Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a Agadas. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka tsare shugaban Nijar Mohamed Bazoum, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi har da barazanar yaƙi, Najeriya ta yanke wuta ta rufe iyaka. Sojojin Faransa suka fice a Disambar wannan shekarar, na Amurka suka bi baya a 2024, Rasha ta shigo. Mu a nan ba a rediyo kawai muka ji shi ba. Illela ta Najeriya da Ƙonni ta Nijar uwa ɗaya uba ɗaya ne, ana auratayya, ana cin kasuwa tare, kwatsam sai ga manyan motoci jere a bakin iyaka kaya na ruɓewa, masu babura suna bin hanyoyin daji, har sai da aka buɗe a Maris na 2024.

To ku ɗauki wannan watannin. Ita ma'aikaciyar jinya ce a Ƙonni, wanta soja ne a Yamai. Shi ɗan Sakkwato ne, an kai kuɗin aure an sa rana, sai ogansa ya kira shi ya ce tunda kana da surukai a can, kai za ka riƙa kawo mana abin da wan nata ke faɗa in ya zo gida. In ya ƙi, ya saɓa rantsuwar aiki. In ya yarda, ya ci amanar gidan da suka ba shi 'ya, suka ci tuwo da shi a kwano ɗaya. Ita kuma ba sakarya ba ce, a daina rubuta mana mata da ba su iya komai sai kuka da suma. Ta lura wayarsa biyu ce, ta lura yana yawan tambayar ranar da yaya zai zo hutu, ta yi shiru ta fara ba shi labarin da ba haka yake ba don ta ga inda zai ɓullo. Yanzu wa ke leƙen asirin wa?

Wanda ya rubuta wannan, ya je Illela ranar Lahadi ya zauna wurin masu canjin sefa ya saurari yadda suke magana, ya tambayi direbobi yadda aka yi ta tsallakawa lokacin da iyaka ke rufe. Kuɗin motar bai kai na datar da kuke ƙonawa wajen neman hotunan otal-otal ɗin Dubai ba. In an fara sakin shi, a sa ni a zauren masu biya, kuma kada a kashe mini baffan nan a babi na biyu.