Sanatan da ɗansa ya sauya masa ra'ayi kan auren jinsi

A watan Maris na 2013, Rob Portman, sanatan Republican daga jihar Ohio a Amurka, ya rubuta a jaridar Columbus Dispatch cewa daga yanzu yana goyon bayan auren jinsi. Shi ne sanata mai ci na farko a jam'iyyarsa da ya furta haka, kuma bai yi ɓoye-ɓoye kan dalili ba. Shekara biyu kafin nan, ɗansa da ke jami'a ya shaida wa iyayensa cewa shi maza yake so.

Wannan Portman ɗin ne a 1996, yana majalisar wakilai, ya mara wa dokar DOMA baya, wadda ta ce a idon gwamnatin tarayya babu aure sai tsakanin namiji da mace. Mutanen Ohio ma a 2004 sun kaɗa ƙuri'ar haramta auren jinsi a tsarin mulkin jiharsu.

Na san inda yawancin masu karatu suka tsaya, Musulmi da Kirista, kuma a Najeriya tun 2014 doka ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan irin wannan aure. Abin da ya ja hankalina shi ne hanyar da ɗan majalisa ke bi ya kai ga matsaya.

Masu sukar Portman sun ce sai da abin ya shigo ɗakinsa ya ga akwai mutane a cikin maganar. Shekara 17 ƙuri'arsa tana shafar 'ya'yan wasu, bai ji komai ba. Sukar nan tana da ƙarfi. Jiki magayi, gaskiya ne, amma ba don ya jira jikinsa aka zaɓi wakili ba. Wanda ba shi da ɗan da ya rasa aiki ko ya kasa biyan kuɗin asibiti fa, yaushe zai ji kukan masu wannan matsalar?

Duk da haka ban yarda a kira shi mai son kai a tsaya nan ba. 'Yan siyasa nawa ne ke da abu a gida, su fito zauren majalisa su yi ta kumfar baki a kansa? Shi ya faɗi dalilinsa da bakinsa, zaɓe na jiransa a jihar da ta riga ta ce a'a. Ya kuma ci zaɓen 2016 da rata mai yawa.

Bai tsaya kan aure kaɗai ba. A Nuwamban 2013 ya zaɓi ƙudirin hana korar ma'aikaci don yana neman jinsinsa ko ya sauya jinsi, bayan ya sa an ƙara kariya ga cibiyoyin addini. Majalisar wakilai ta ƙi ko duba ƙudirin.

Aikin gaske ya zo a 2022. Bayan kotun ƙoli ta soke haƙƙin zubar da ciki, mai shari'a Clarence Thomas ya ce a sake duba hukuncin 2015 da ya halatta auren jinsi. Sai Sanata Tammy Baldwin ta Democrat, wadda ita kanta mata take nema, ta haɗa kai da Portman da Sanata Susan Collins ta Republican da wasu. Dokar da suka fito da ita ba ta tilasta wa kowace jiha ɗaura auren ba, ta ce dai a amince da wanda aka ɗaura bisa doka a wata jihar, kuma ba za a matsa wa coci ko masallaci su shirya bikin ba. Har cocin Mormon ya goyi baya alhali bai sauya aƙidarsa ba. Dokar ta wuce a majalisar dattawa da ƙuri'a 61 da 36, 'yan Republican 12 a ciki.

Sai dai a lokacin Portman ya riga ya ce ba zai sake takara ba, don haka wannan ƙuri'ar ba ta ci masa komai ba. Ta 2013 ce kasadar. Kujerarsa kuwa JD Vance ya gada, wanda tun a yaƙin neman zaɓe ya ce ba ya goyon bayan dokar.