"Nan ba gidan raino ba ne"

Jiya na shiga ofishin shugaban sashenmu da takarda a hannu. Ɗana mai wata biyar ya kwana da zazzaɓi, mai rainonsa kuma ba ta iya wuce ƙarfe huɗu. Abin da na roƙa bai taka kara ya karya ba: in riƙa shigowa ƙarfe bakwai, in tashi ƙarfe uku, saura in ƙarasa a gida a kwamfuta.

Bai ce in zauna ba, bai ma ɗago kai daga wayarsa ba.

"Yallaɓai, wata buƙata na kawo."

"Ina jin ki."

Na yi bayani murya na rawa. Ya karɓi takardar da yatsu biyu, ya kife ta a tebur.

"Malama, ba kwanan nan kika dawo daga hutun haihuwa ba? Hutun bai ishe ki ba?"

"Yallaɓai, ba ragin aiki nake nema ba, sauyin lokaci ne kawai."

"Nan ba gidan raino ba ne. In ba za ki iya ba, akwai masu jira a waje."

Wallahi kalmar hutu ce ta fi ƙona min rai. Mace da ɗinki a jiki, tana tashi sau huɗu cikin dare, shi ne hutu? Shekara shida ina wannan wuri. Na amsa saƙon WhatsApp ina kan gadon asibiti. Tun da na dawo, a banɗaki nake tatsar nono, a tsaye, ana ƙwanƙwasa min ƙofa. A 2020, lokacin korona, wata da watanni muka yi aiki daga gida, babu abin da ya tsaya. Yanzu da uwa ce ke roƙo, sai ya zama ba zai yiwu ba.

Laifin ma ba nasa ne shi kaɗai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shayar da jariri nono zalla wata 6, amma yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 2000 mako 14 ta gindaya a matsayin mafi ƙarancin hutun haihuwa, kuma ko ita gwamnatoci da yawa ba su amince da ita ba. Sauran watannin, uwa ta yi yaya? Waɗannan hukumomi biyu sun bayyana a 2021 cewa aikin awa 55 ko fiye a mako ya yi ajalin mutum 745,000 a 2016, amma har gobe wanda ya kai dare a ofis ake yabo. Faransa tun 2017 ta ba ma'aikaci 'yancin ƙin kula saƙon aiki bayan an tashi. Sauran masu mulki me suke jira? Ga jama'a kuma, in kin ajiye aiki a ce raguwa ce, in kin riƙe a ce kin yi watsi da 'ya'yanki.

Ƙarfe goma da rabi na dare, ina goga wa yaron ruwa a jiki, saƙon yallaɓai ya shigo: yana son rahoto kafin safiya.