An Rufe Mini Asusu Saboda Na Ba Ɗan Ƙanwata Rance

Yau kwana 19 ke nan da kamfanin wani wasan intanet ya rufe mini asusu, kuma har zuwa wannan lokaci babu mahalukin da ya iya nuna mini layi ɗaya a cikin dokokinsu ya ce ga wanda na taka. Shekara huɗu ina buga wasan nan. Da rana gyaran waya nake yi a wata rumfa a Computer Village da ke Ikeja, da dare kuma idan na koma ɗakina a Agege, bayan sallar isha'i, nakan shiga in yi awa ɗaya ko biyu tare da wasu 'yan uwa Hausawa da muka kafa ƙungiya a ciki, daga masu sayar da albasa a Mile 12 har zuwa wani dattijo mai gadi a Lekki. Wasa ne da mutum yake noma, ya haƙo ma'adinai, ya ƙera makamai, ya kai kasuwa a biya shi da kuɗin cikin wasan, waɗanda ake kira zinariya. Babu caca a cikinsa, kuma ban taɓa sayar wa kowa ko ƙwayar zinariya ɗaya da naira ba.

Ɗan ƙanwata, wanda aka turo mini daga Funtuwa don ya koyi gyara, shi ma ya buɗe nasa asusun. Wata rana muna rufe rumfa ya ce da ni, "Kawu, ba ni da doki, ba ni da sulke, kullum ni ake bari a baya idan an fita yaƙi." Na tura masa zinariya 3,000,000 a matsayin rance, a kan zai riƙa biyana kaɗan-kaɗan daga abin da ya samu a cikin wasan. Yaron, don ladabi, sai ya rubuta mini a akwatin hira na wasan, da turancin buroka irin na yaran Legas, cewa zai biya ni a ƙarshen wata. Bayan kwana biyu na kunna waya na tarar da jan rubutu a fuskarta: an rufe asusun har abada saboda cinikin kuɗin wasa da kuɗin gaske. Zargina shi ne kalmar biya ce na'urarsu ta tsinta ta yanke hukunci a kanta, tun da babu wani abu da ya shiga tsakanina da yaron bayan wannan.

Na zauna na karanta dokokin nasu tun daga farko har ƙarshe, abin da na tabbata kashi mafi yawa na masu wasan ba su taɓa yi ba, saboda tsawonsu da kuma irin turancin lauyoyi da aka zuba a ciki. Abin da na gano ya fi rufe asusun ɓata mini rai. A shafin sharuɗɗa an haramta sayar da zinariya ko musayarta da duk wani abu mai daraja a wajen wasan. A shafin tambayoyi da amsoshi an bayyana ƙarara cewa ɗan wasa yana da damar yi wa abokinsa kyautar zinariya. A jikin tagar da ake ciniki kuwa, da ƙananan baƙaƙe waɗanda sai an kanne ido ake ganinsu, an yi gargaɗi cewa duk cinikin da babu daidaito a tsakanin abin da aka bayar da abin da aka karɓa yana iya jawo hukunci. To, ina so wanda ya rubuta waɗannan ya faɗa mini, wace kyauta ce a duniya take da daidaito? Ai ma'anar kyauta ke nan, ka bayar ba ka karɓi komai ba. An halatta abu a shafi ɗaya, an mayar da shi laifi a wani shafin, sannan an bar wa na'ura ta zaɓi wanda za ta yi aiki da shi a ranar da ta ga dama.

Maganar rance kuwa ko sau ɗaya ba ta fito ba, kamar waɗanda suka tsara wasan ba su taɓa jin an ba mutum bashi ba. Haka nan ba a fayyace mene ne abu mai daraja ba. Idan na ba abokina takobi a cikin wasa yau, gobe muka haɗu a teburin mai shayi a Agege ya biya mini shayi da burodi, na sayar masa ke nan? Idan na gyara wa ɗan ƙungiyarmu waya ban karɓi ko sisi ba, bayan wata biyu ya turo mini zinariya don jin daɗi, wane ne ya saya, wane ne ya sayar? Mu mutane ne da rayuwarmu ta ginu a kan alheri da ramuwa, da biki da adashi, kuma duk dokar da ba ta bambanta waɗannan da ciniki ba, tarko ce aka ɗana mana.

Ba na musun cewa akwai matsala ta gaskiya da kamfanonin nan suke yaƙi da ita. Akwai masu sa manhaja ta riƙa buga musu wasa dare da rana tana tara zinariya, akwai masu satar asusun mutane su kwashe abin da ke ciki, akwai masu biya da katin banki na sata. A Benezuwela, lokacin da kuɗin ƙasar ya lalace, mutane da dama sun mayar da tara zinariya a wasan Old School RuneScape sana'ar da suke ci da iyali. A nan gida ma dillalan suna nan birjik a WhatsApp, kuma dalilin da ya sa suke samun kasuwa ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin da kansa yana sayar da zinariyar, amma da dala. A 2022 bankuna da yawa sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu daga baya suka rufe ƙofar gaba ɗaya, sannan bayan an saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma har ta haura 1,500 a farkon 2024. Yaron da yake son doki, katinsa kuma ba ya aiki, wurin dillali zai nufa. Ni ban je ba, kuma na hana yaran ƙungiyarmu zuwa, sai ga shi ni aka kama.

Wasu kamfanonin sun fuskanci wannan matsala sun yi mata hanya a fili. Masu RuneScape, a watan Disambar 2007, sun sanar da sa iyaka a kan cinikin da babu daidaito, ta yadda idan ka yi yunƙurin ba wani dukiya mai yawa a banza wasan da kansa zai ƙi karɓa. Mutane sun yi ta ƙorafi, aka yi ƙuri'a, aka dawo da ciniki kamar da a watan Fabrairun 2011, sannan a 2013 suka fito da abin da suke kira Bonds. Wasan EVE Online yana da irinsa mai suna PLEX tun 2008, wasan World of Warcraft kuma ya kawo WoW Token a 2015. Tsarin duk kusan ɗaya ne: ka sayi wata shaida daga hannun kamfani da kuɗin gaske, ka sayar da ita ga wani ɗan wasa ya biya ka da zinariya, kowa ya san inda halal ta tsaya. Ko katangar 2007 ɗin nan, duk da zafinta, katanga ce da ido yake gani. Wasan da nake magana a kansa ya bar ni na rubuta 3,000,000, ya tambaye ni ko na tabbata, na danna, ya amsa cewa an tura lafiya. Idan haramun ne, me ya hana shi ƙin turawa?

Sau bakwai ina rubuta musu. Na haɗa da hotunan hirarmu, na fassara musu abin da yaron yake nufi, na bayyana cewa ɗaki ɗaya muke kwana. Sau bakwai amsa ɗaya take dawowa, babu ko waƙafi da ya canza: sun bincika, hukuncin yana nan, ba za su bayyana hujja ba don kada masu maguɗi su gane yadda ake kama su. Wato an yanke maka hukunci, an ɓoye maka shaida, an kuma ce don amfaninka ne. A daidai wannan lokaci, ɗan ƙanwata yana nuna mini wayarsa, tallan dillalai na ta gudu a dandalin hira na wasan kamar ruwan famfo, har da farashi da lambar tuntuɓa, babu mai ce musu kanzil. An bar jaki ana dukan taiki. Shi yaron dakatarwar kwana uku kawai aka yi masa, dokinsa da sulkensa suna nan.

Wani zai ce ai wasa ne. Kuɗin rajistar wata shida da na biya ana saura mako uku a rufe asusun ba wasa ba ne, kuma sun ce ba a mayarwa. Datar da nake saya, wadda ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, ba wasa ba ce, haka ma man janareton da nake ƙonawa tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Sharuɗɗan nasu sun ce zinariyar da duk abin da ke asusun mallakar kamfani ne, aro kawai aka ba mu, amma lokacin karɓar dala ba a taɓa kiran abin aro ba. Na tattara takarduna zan kai ƙara hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye, duk da cewa kamfanin ba shi da ko rumfa a Najeriya da za a aika wa sammaci.

A ƙungiyarmu muna da adashin zinariya, mu 12, ana zubi duk ranar Juma'a, wanda ya kwasa ya sayi babban makami. Tun ranar da aka rufe ni ba wanda ya sake zubawa, domin kowa yana tsoron a ce ya sayar. Kwasar da ta tsaya ta dattijon nan mai gadi ce, wanda ya yi mako 11 yana zubi bai fasa ba, kuma jiya ya kira ni yana tambaya cikin sanyin murya ko akwai wata doka da ta yi magana a kan adashi. Na ce masa, "Baba, na duba, babu." Ɗan ƙanwata kuma ya riga ya tara 400,000 na biyan farko, yana riƙe da su, kullum da safe sai ya tambaye ni, "Kawu, ta ina zan turo maka?"